Giyar ganga ta Ingila: oganik ce ke sa daɗi ko mai kula da ganga?

Ɗan Jos:
Jama'ar zaure barkanmu da hutu. Tun kafin a ci ni tara ina neman afuwar yan uwa musulmi, maganar giya zan yi, wanda baya so ya tsallake kawai dan Allah. Ranar Asabar wani bature abokin aikina ya ja ni Stroud, garin nan da ke gaba kaɗan da Gloucester, yace sai na ɗanɗana irin giyar da kakanninsa suka sha ba wannan ta gwangwani ba. Ya sayo min wata sunanta Budding ta kamfanin Stroud Brewery, wai oganik ce, wato ba takin zamani ba feshin kemikal aka noma kayanta, kuma daga ganga ake jawota da famfon hannu. Abu na farko babu sanyi, ba wai zafi gareta ba amma ba irin sanyin da muka saba a gida ba mai kashe haƙori. Na biyu babu gas ɗin nan mai tsikarin harshe, sumul take wucewa. Kalarta ruwan zuma mara duhu, tas da ita kana hango yatsanka ta bayan kofi, kumfa yar kaɗan. Ƙamshin fure da ɗanyar ciyawa take yi, in ka kurɓa gardin hatsi da ɗan zaƙi zaka fara ji, sai ka haɗiye tukun ɗaci ya biyo baya ya zauna a maƙogwaro amma ba mai sa ɓata fuska ba. Ƙarfinta kashi 4.5. Ni dai ta min. Toh baturen nan ya dage wai don oganik ce shi yasa tayi daɗin nan, ni kuma ban yarda ba. Akwai wanda ya san kan abun?

Sarkin Tsokana:
Ba sanyi ba gas kuma ka zaro fam ka biya 😂 Yaya wutar firij ɗinsu ce ta ɗauke kawai suka ce maka al'ada ce

Malam Bradford:
Assalamu alaikum. Admin ina kake ne? Yanzu fisabilillahi har mun kai ga ana tallar giya a zauren nan, akwai mata akwai yaranmu da suka zo karatu. Allah ya haramta ta a suratul Ma'ida ƙarara, ba sai an tsaya ana siffanta ƙamshinta ba.

Admin:
Wa alaikumus salam Malam. Zauren nan na masu jin Hausa ne mazauna Birtaniya, da musulmi da kirista, haka muka rubuta tun ranar da aka buɗe. Ɗan Jos bai ce kowa yaje ya sha ba, tambaya yayi kuma ya nemi afuwa. Sharaɗi biyu, ba hoton kofi ba gayyata. Wanda ya karya zan goge.

Malam Bradford:
Toh na faɗi nawa. Allah ya shirye mu.

Ɗan Jos:
Amin Malam, na gode da haƙuri.

Mai Guduma:
Ɗan Jos ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi, aikina kenan a Sheffield, nine nake kula da ɗakin ƙasa na wata mashaya. Amsa a taƙaice baturenka bai yi ƙarya duka ba amma ya bar babban abun. Bari in fara daga bambancin gangunan don nan mutane suke ruɗewa. Yawancin abin da kake gani ana tsiyayawa a kanta, irin su laga, wato mai sanyi da gas ɗin nan da muka saba, an tace su a kamfani an cire yis ɗin, da yawa ma an dafa su an kashe komai, sai a zuba a gangar ƙarfe a rufe ruf, gas ne ke turo ta sama kuma tana bi ta injin sanyi. Wannan ko wa ka ba zai iya sayarwa, ka jona tiyo shikenan. Ita kuwa wadda ka sha tana barin kamfani ne bata gama nuna ba, da yis ɗinta mai rai a ciki da ɗan ragowar suga, a cikin gangar take ƙarasa aiki a ɗakin ƙasan mashaya, ɗan gas ɗin da kaji mara ƙarfi ita ta haifar da abinta. Wato kamfani yayi rabin aiki ne, rabi yana hannun irina. In na yi sakaci ko da zinare aka noma sha'irin ruwan tsami zaka sha.

Sarkin Tsokana:
Irinka 😂 Allah sarki turawa, ashe makomar al'adarsu tana hannun ɗan Kafanchan

Mai Guduma:
Wlh kuwa, kuma suna zuwa suna gaisheni. Ka tsaya kaji. Gangar da aka fi kawowa galan 9 ce, kofi 72 kenan na fayint ɗinsu, kusan lita 41. Akwai ta galan 18 amma sai gidan da ke da ciniki sosai. In mota ta sauke sai in mirgina ta in ɗora bisa gadonta a kwance, daga nan ba mai taɓa ta, ko gwiwarka ta buge ta ka tada laka sai an sake jira. Tana da ƙofa biyu, ɗaya a ciki ta sama ɗaya a fuska. Ta saman nake fara hudawa in soka wani ɗan tsinken katako mai laushi wanda iska ke bi ta jikinsa, nan zaka ga kumfa tana tsattsafowa tana tsiii, wata gangar mai zafin kai har rufi take feshi in baka lulluɓe da tsumma ba. In ta lafa sai in cire in sa mai tauri ya riƙe sauran gas ɗin. Sannan famfon jikin ganga, ba na hannu da ke kanta ba, ka saita shi a ƙofar fuska ka ɗauki gudumar katako ka buga sau ɗaya da ƙarfi. Sau ɗaya fa. Mai tsoro da ke ɗan ƙwanƙwasawa shi ke wanka da giya. Daga nan kwana ɗaya zuwa biyu, wata ma fiye, kafin ta kwanta ta washe. Kullum da safe sai na tsiyayi kaɗan a kofi na ɗaga a fitila na shinshina kafin in yarda a jona ta sama. Ɗakin kuma digiri 11 zuwa 13 ake so, shine rashin sanyin da kaji, da gangan ne, in tayi sanyi da yawa ƙamshin ya ɓuya kuma ta yi hazo, in tayi ɗumi ta lalace da wuri.

Anti Nas:
Yarona wannan duk da ka lissafa ai burkutu ne da kwat da nektai. Kakata a Pankshin sana'arta kenan, a jiƙa dawa ta tsiro a shanya a niƙa a dafa a bar ta ta tashi, ranar da ta nuna tana cikin tukunya tana tafasa da kanta ba wuta, ranar ake shanye ta, in ta kwana ta wuce sai tsami. Kuma ba mai biya sai an ɗan zuba masa a ƙoƙo ya ɗanɗana tukun. Masu sha sun san gidan da hannun matar ke da kyau, dawa ɗaya ce a kasuwa ɗaya aka saya amma kowa ya san gidan da zai nufa.

Mai Guduma:
Anti kin gama magana. Har ɗanɗanon ma akwai a nan, in ka shiga kace a ɗan zuba maka ka gwada zasu baka a ƙaramin kofi kyauta, ba abin kunya bane. Bambancin kawai tasu ana so ta washe tas kuma furen hof ne ke bata ɗaci, namu kuwa tsamin ne daɗin. Amma maganar kwana haka take, da zarar an fara ja iska tana shiga gangar ta maye gurbin abin da aka tsiyaya, kwana uku ne lafiyayye, bayan nan sai addu'a.

Uwar Biyu:
Ni bana sha amma ban yarda ace oganik ba komai bane. Ni kayan miya da madara duk oganik nake saya wa yara kuma wlh akwai bambanci, karas ɗin ma daban yake a baki. In ƙasa lafiyayya ce abin da ya fito cikinta dole ya fi. Me zai sa sha'ir ya zama daban?

Yar Lab:
Anti Uwar Biyu bari in shigo nan don fannina ne, kimiyyar abinci nake karanta. Karas ɗanye kike ci, daga gona sai baki. Sha'ir kuwa kafin ya zama abin da Yaya Ɗan Jos ya sha sai an jiƙa shi ya tsiro, an gasa shi a wuta, an niƙa, an jiƙa a ruwan zafi sitacin ya koma suga, an tafasa ruwan wajen awa guda da hof, sannan yis ya cinye sugan ya fitar da nasa ƙamshin. Yawan gashin kaɗai ya isa ya canja kala da ɗanɗano gaba ɗaya, daga fari zuwa baƙi ƙirin. Irin yis ɗin ma haka, ruwan ma haka, garin Burton ya yi suna ne saboda gishirin da ke ruwan rijiyoyinsu har wasu kamfanoni suna zuba irin gishirin a nasu ruwan don su kwaikwaya. Toh a cikin duk wannan hayaniyar ace harshe zai gano ko an zuba takin zamani a gonar ko ba a zuba ba, gaskiya da wuya. Tambarin oganik shaida ce akan yadda akayi noman, ba takin zamani ba feshin maganin ƙwari na kemikal, kuma aƙalla kashi 95 na kayan gonar da ke ciki su zama haka aka noma su. Masu bada shaidar da aka fi sani su ne Soil Association da ke Bristol, tun 1946 suke. Sufetonsu takardu yake dubawa da gona da sito, baya ɗanɗanawa yace tayi daɗi.

Uwar Biyu:
Toh in haka ne kuɗin banza mutane ke ƙarawa kenan?

Yar Lab:
A'a Anti ban ce haka ba. Wanda ya saya don ƙasa da ruwa da ƙudan zuma da lafiyar mai feshi ya samu abin da ya biya. Wanda ya saya don yana zaton harshensa zai ji wani abu daban shine nake tantama.

Ɗan Jos:
Yauwa ƙanwata, abin da nake son in faɗa wa baturen kenan turanci ya ƙare min

Manomin Birni:
Ni ina Kano yanzu amma ina biye da ku. Abin da ya ja hankalina noman ne. Mu nan wake in baka yi feshi ba darɓa da tsutsa su zasu girbe maka. Shi wannan hof ɗin wane irin tsiro ne kuma ya suke yi da ƙwari ba magani?

Yar Lab:
Yaya ai nan ne wahalar take. Hof mai yaɗo ne, ana kafa dogayen sanduna da waya a ɗaura igiya ya hau sama fiye da tsayin mutum uku, furen macen ake tsinka wajen watan Satumba a busar. A Ingila yankin Kent da Hereford da Worcester ne gidansa, tsofaffin irinsu Fuggle da Goldings. Kuma darɓar nan taka ita ce babbar abokiyar gabarsa, ga fumfuna saboda damshin ƙasar. Shi yasa masu noma shi oganik a Ingila ƙalilan ne ƙwarai, kamfanoni da yawa daga Jamus ko Niyu Zilan suke sayowa, can Niyu Zilan cututtukan basu kai ba sosai. Sannan gona bata zama oganik rana ɗaya, hatsi sai an yi shekara 2 ana bin ƙa'ida, tsiro mai daɗewa irin hof shekara 3.

Sarkin Tsokana:
Tsaya tsaya. Wato don a ceci duniya sai a ɗauko fure daga ƙarshen duniya a jirgi a kawo Ingila 😂 wannan lissafin wane malami ya koyar

Mai Guduma:
Tsokana yau ka faɗi gaskiya cikin wasa, su kansu turawan suna wannan gardamar a kanta, wani yace gara na gida ko da feshi wani yace gara oganik ko daga ina. Amma ga inda zan ɗan goyi bayan baturen Ɗan Jos. Tunda hof ɗin oganik iri kaɗan ne ake samu, mai dafawa baya da zaɓi da yawa, dole ya gina giyarsa akan abin da ya samu, kuma hof ɗin Niyu Zilan ƙamshinsa daban da na Kent, yafi kaifi yafi kama da kayan marmari. Kaga ta nan oganik ɗin ya shafi ɗanɗano amma ta bayan gida. Na biyu, abin da na lura duk kamfanin da ya ɗauki wahalar neman takardar nan yawanci ƙanana ne masu son abin a ransu, basa ha'inci a sauran aikin. Toh sai mutum ya sha yaji daɗi ya ɗora wa tambarin.

Uwar Biyu:
Kun gani, ashe dai akwai bambancin. Kun zagaya kun dawo inda nake.

Yar Lab:
Anti ba inda kike bane fa 😄 ke kince ƙasa ce, shi yace hannun mai dafawa ne da irin furen

Malam Bradford:
Ke yar nan, naga sunan mahaifinki a lambarki musulma ce ke. Duk wannan bayanin a ina kika san shi? Ki ji tsoron Allah, abin da mai yawansa ke bugarwa kaɗan ɗinsa ma haramun ne, kuma la'anar bata tsaya kan mai sha ba, har mai matsawa da mai ɗauka da mai sayarwa.

Yar Lab:
Allah gafarta Malam ko ɗigo bai taɓa shiga bakina ba kuma bazai shiga ba insha Allah. Darasin tsimuwa dole ne a kwas ɗinmu, shi ne dai ilimin da ake yin burodi da yogot da daddawa da shi. Ranar da aka zo gwajin ɗanɗano na faɗa wa malamar addinina bai bari ba, bata ja ba ta bani aikin rubuta sakamakon sauran. Kuma dama ko wani yaso yayi dabara yace zai kurɓa ya tofar, a giyar hatsi ba a haka, masu gwada ruwan inabi ne ke tofarwa, su waɗannan sai sun haɗiye saboda ɗacin da ke biyo baya yana cikin abin da ake ba maki. Kaga babu ma ƙofar.

Malam Bradford:
Toh Alhamdulillah, Allah ya tsare ki ya bada sa'ar karatu. Amma ki rage zaƙewa.

Yar Lab:
Amin Malam na gode.

Ɗan Jos:
Mai Guduma maganar makin nan fa, naga baturen yana latsa waya bayan mun sha yace wai yana bada maki ne. Wa yake ba?

Mai Guduma:
Ɗan CAMRA ne kenan, ƙungiyar masu kare giyar ganga. A 1971 mutum huɗu suka kafa ta lokacin da manyan kamfanoni suka so su shafe ta ganga su koma ta gas gaba ɗaya don tafi sauƙi da riba, kuma gaskiya ba don su ba da yanzu sai a tarihi. Membobinsu suna bada maki daga 0 zuwa 5, 1 mara kyau, 2 dai dai wa daida, 3 mai kyau, 4 mai kyau sosai, 5 kuwa sai ka shekara baka bada ba. Amma ka lura makin ba na kamfani bane, na yanayin da giyar take ne a wannan gidan a wannan ranar, da shi suke zaɓen gidajen da zasu sa a littafinsu na shekara. Wato ni suke yiwa jarabawa. In naga dattijo da gemu da ƙaramin littafi ya ɗaga kofi yana kallon fitila gabana faɗuwa yake. Gasar gwarzon giya ta ƙasa kuwa daban ce, can alƙalai basa ganin suna, lamba ce a jikin tulun, su duba kala da washewa, su shinshina, su kurɓa, su jira abin da zai biyo baya, a tsakani su kurkure da ruwa su ci busasshen biskit mara gishiri, kuma daga mara ƙarfi ake farawa a ƙare da mai ƙarfi. A teburin nan babu wanda ya san wace ce oganik.

Ɗan Jos:
Toh ni da ban iya ba ta ina zan gane an bani lalatacciya? Don akwai wata da na taɓa sha a wani gari daban, ba wannan kamfanin ba, wlh kamar an jiƙa kwali a ruwa, na ɗauka haka abin yake na daure na shanye

Mai Guduma:
Kash, da ka mayar. Warin jiƙaƙƙen kwali iska ce ta shige ta, ta tsufa. In kaji tsamin binega ta wuce nan ma, ƙwayoyin cuta sun fara aiki ko kuma basa wanke tiyo, mu duk sati muke wankewa. In kaji kamar ɗanyen tuffa bata nuna ba anyi gaggawar jonawa. In lami ce ba rai ko kaɗan an bar ta a buɗe gas ya gudu, wato wani ya manta bai sa tsinke mai tauri da dare ba. Akwai kuma ƙamshin bota, kaɗan wasu giyoyin Ingila dama suna da shi, in yayi yawa har yana naɗe harshe matsala ce. Duk wanda ka samu a ciki ka koma kanta cikin ladabi kace bata yi ba, gidan kirki zasu canja maka ba gardama su kuma juya tambarin famfon alamar an daina sayar da ita. In mai gidan yace maka ai haka ta ganga take, ƙarya yake, kar ka koma.

Yar Lab:
Na botan nan yis ne ke fitar da shi kuma shi ke komawa ya shanye abinsa in an bashi lokaci, shi yasa gaggawa ke kawo shi. Mu a kwalabe aka kawo mana ƙamshin kowanne daban muka shinshina, na kwalin nan har yau in na tuna sai naji tashin zuciya.

Anti Nas:
Ni tambayata ya akeyi take washewa tas alhali kunce ba a tace ta? Tamu ai ko shekara zata yi bazata washe ba.

Mai Guduma:
Anti kifi ne 😄

Anti Nas:
Kai yaro bana son shaƙiyanci

Mai Guduma:
Allah Anti da gaske. Balan-balan ɗin nan da ke cikin kifi mai taimaka masa yin iyo, shi ake busarwa a narkar ya zama wani farin ruwa mai yauƙi, a zuba kaɗan a ganga, sai ya kamo yis ɗin da ke yawo ya ja shi ƙasa su kwanta tare a cikin gangar ƙasa da bakin famfo. Shi yasa nace ba a motsa ta. Baya zuwa kofi amma masu gudun duk abin da ya fito daga dabba basa sha, don haka yanzu wasu kamfanonin sun daina sawa, su rubuta a famfo cewa da hazonta take. Wannan ya ƙara mana aiki don da hazo alamar matsala ce kai tsaye, yanzu sai ka tambaya tukun.

Sarkin Tsokana:
Giya da kifi a ciki, saura yaji da albasa a kira ta farfesu

Ɗan Jos:
Wani abu kuma, kumfar tawa yar siririya ce amma wanda na gani a hoto na Yorkshire kumfa ce mai kauri fara sol. An cuce ni ne?

Mai Guduma:
Ba a cuce ka ba, ka shiga rigimar arewa da kudu ne, su ma suna da tasu 😂 Mu nan arewa akwai wani ɗan murfi mai ƙananan huji da muke ɗaurawa a bakin famfo, giyar ta fito da ƙarfi ta huji sai tayi kumfa mai kauri tayi laushi a baki. Yan kudu sunce wannan yana kore gas ɗin yana kwashe ɗacin hof ya kai cikin kumfa, su basa sawa. Ni na arewa nake so, amma gaskiya giyar da aka dafa don kudu in ka matsa ta ta murfin nan tana rasa wani abu. Abin da zaka kula kawai kar kumfa ta cinye maka kofi, fayint mililita 568 ne, in kaga kumfa ta kai yatsa biyu kace a cika maka, haƙƙinka ne.

Manomin Birni:
Malam Bradford ni kuma tambaya gareni tsakani da Allah ba tsokana ba. Tun 1988 da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir kamfanonin giya na Najeriya suka koma dawa, har yau suna saye da yawa. Mu kuma muna kai dawa Dawanau dillali ya saya a loda a tirela ta yi kudu, bamu san inda zata sauka ba, ko abin sha na malt mara bugarwa ko abincin kaji ko ɗayan. Ina matsayinmu?

Malam Bradford:
Wannan tambaya ce mai kyau. Abin da malamai suka yi bayani akan mai sayar da inabi, in ka sani ko ka yi rinjayen zato cewa wannan mai sayen giya zai yi da shi, bai halatta ka sayar masa ba. In kuwa ka kai kasuwa ne ka sayar wa mai saye baka san komai ba, dawa abinci ce halal, ba a ɗora maka binciken tirela ba. Amma wanda wakilin kamfanin giya ya zo masa da takarda yace noma min, wannan ya sani. Ka samu malamin da ke kusa da kai ka faɗa masa yadda cinikin naka yake dalla dalla.

Manomin Birni:
Toh ai matsalar Malam kamfani ɗaya ne ke yin na malt ɗin da ɗayan, buhu ɗaya sito ɗaya

Malam Bradford:
Shi yasa nace ka zauna da malami, ba a yanke irin wannan a waya.

Admin:
Manomi da Malam ku ɗauke wannan zuwa gefe dan Allah ko ku buɗe sabon zance, ya fi ƙarfin nan. Sauran kuma a taƙaita, akwai sanarwar taron Asabar da nake son sawa kar ta nutse.

Ɗan Jos:
Admin minti ɗaya. Mai Guduma in baturen nan ya sake ja na, ta ina zan gane gidan kirki tun kafin in zaro kuɗi? Kuma wai da gaske sunan wani mutum ne Budding ɗin ko shima cikin labarinsa ne

Mai Guduma:
Wannan gaskiya ya faɗa maka, Edwin Budding ɗan yankin Stroud ne, shi ya ƙirƙiro injin yankan ciyawa a 1830. Gidan kirki kuwa kar yawan famfo ya ruɗe ka, in kaga famfo takwas mutum uku a zaune ka san akwai gangar da ta kwana biyar a buɗe, gara mai famfo uku da jama'a. Ka duba abin da tsofaffin unguwa ke riƙe da shi ka nemi irinsa. Wasu gidajen zaka ga tambarin Cask Marque a ƙofa, masu zuwa ne ba sanarwa da ma'aunin zafi su gwada, yana taimakawa amma ba wahayi bane. Kar ka zama mutum na farko da aka ja wa bayan buɗewa sai in kaga sun zubar da wadda ta kwana a tiyo. Kuma Litinin da Talata ka yi hankali, ragowar gangar ƙarshen mako ce yawanci, Alhamis da Juma'a ake buga sababbi. Admin sa sanarwarka, mota ta iso zan sauka ƙasa.